Haƙuri Ba Ya Gyara Mota

A wajenmu, in mota ta bugi mota, kalmar da ke fara fitowa bakin jama'a ita ce haƙuri. Kalma ce mai kyau, sai dai bakanike ba ya karɓarta a madadin kuɗin gyara.

Duk wanda ya san hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya san gudun da motocin hatsi da na shanu ke yi, ga ramuka, ga fargabar 'yan bindiga da ke hana direba taka birki. A nan aka bugi motar yayana, wadda yake jigila da ita daga Ƙaura, yau Shinkafi gobe Zurmi. Wanda ya buge shi ba shi da inshora, motar ma ta maigidansa ce. Dattawan tasha suka zauna sulhu, babbansu ya ce, "Malam, talaka ne ɗan'uwanka, karɓi abin da ya samu, Allah ya mayar maka da alheri." Abin da ya samun ko fitila da bamba bai saya ba. Wata uku mota na gareji, gida na cin bashi.

Abin takaicin, shi yayana yana da tasa takardar. To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙar: inshorar dole, wadda ake haɗawa da takardun mota, ba motarka take gyarawa ba, wanda ka buga take biya. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, diyyar dukiya kuma har naira miliyan 3. Wadda ke gyara taka ko wa ya buge ka ita ce cikakkiyar inshora, kuɗinta aƙalla kashi 5 cikin 100 na darajar motar duk shekara. Ina mai jigila zai samo su?

Ashe kenan rufin asirinka a kan titi yana aljihun direban da ke tahowa, nasa kuma yana naka. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi kan takardar, amma ta jabu da ake yankowa a gindin bishiya shinge kawai take wucewa, ba ta biyan kowa sisi. Danna *565*11# a wayarka ka duba taka. Mai shakka ta fuskar addini kuma, akwai kamfanonin takaful, inda ake tara kuɗi don taimakon wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Ni dai ban ƙi sulhu ba, jama'a. Amma yafiya ta fi daraja daga wanda ke da ikon karɓar haƙƙinsa. Wanda aka sa ya yafe don babu abin biya, danne shi aka yi.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, amin.