Mansura, Ƙauyen Inabi a Cikin Ganuwar Sarakuna

Duk almajirin da ya taɓa durƙusawa a zauren wani malami a Fagge ya karanta tauhidi a cikin Ummul Barahin, to, ya riga ya sha daga rijiyar Tilimsan ko da bai san inda take ba, domin mawallafin littafin, Shehu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, mutumin can ne, kuma a can kabarinsa yake. Haka nan Shehu Magili, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har ya rubuta masa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, daga wannan ƙasa ya fito. Tilimsan birni ne a yammacin Aljeriya, kusa da iyakar Maroko, a bisa tudu mai sanyi inda ƙanƙara kan sauka da hunturu. Amma yau ba birnin nake so in kai mai karatu ba, sai wani ƙauye da ke gefensa ta yamma, wanda tafiyar ƙasa ta ƙasa da sa'a guda ke kai mutum, sunansa Mansura.

Asalin Mansura sansanin yaƙi ne. A shekarar 1299 Sarkin Fas, Abu Yakubu Yusufu na zuriyar Banu Marin, ya zo ya yi wa Tilimsan ƙawanya, da ya ga ganuwarta ta gagara, kuma sarakunanta na Banu Zayyan ba su da niyyar miƙa wuya, sai ya ƙudurta zama har abin da hali ya yi. Ya sa aka gina masa fada da masallaci, da wuraren wanka da masaukan fatake, har sansani ya zama gari mai kasuwa, ayarin da a da kan sauke kaya a Tilimsan ya koma saukewa a nan. Shekara takwas ana cikin wannan hali, mutanen waje suna ciniki, na ciki kuwa yunwa ta kai su ga cin abin da shari'a ba ta halatta ba sai da larura, kamar yadda Ibn Haldun ya ba da labari a tarihinsa. A 1307, lokacin da birnin ke gab da faɗuwa, sai wani bawan Sarki ya kashe shi a cikin fadarsa, rundunar ta naɗe ta koma Fas. Daga baya ɗan ɗan'uwansa, Sarki Abul Hasan, ya dawo a 1335, ya raya Mansura, ya ci Tilimsan a 1337. Da mulki ya koma hannun Banu Zayyan sai suka bi garin da rushewa, domin ba wanda ke son ya riƙa tashi kowace safiya yana ganin inda aka zauna aka azabtar da iyayensa.

Abin da ya tsira shi ne ganuwa da hasumiya. Ganuwar ta jar ƙasa ce da aka daddaɓe, kamar badalar Kano a ido, ta kewaye fili na kimanin hekta 100, da hasumiyoyin tsaro a jere, waɗansu a tsaye, waɗansu sun zube. Hasumiyar masallaci kuwa ta dutse ce, tsawonta ya kusa mita 40, kuma abin al'ajabi gare ta shi ne ta tsage daga sama har ƙasa, rabi ya faɗi, rabi ya tsaya. Wanda ya fuskance ta daga gaba zai ga zane iri iri da babbar ƙofar shiga masallaci a gindinta, in ya zaga baya sai ya ga cikinta a buɗe, da alamar hanyar da ladan ke bi ya hau.

A cikin wannan kango ne Faransawa, bayan sun tabbatar da ikonsu a Tilimsan a 1842, suka kafa ƙauyen Turawa manoma a 1850, suka raba musu filayen da ke ciki da kewaye. Inabi ba baƙo ba ne a ƙasar, Musulmi sun daɗe suna shuka shi tare da zaitun da ɓaure, su ci ɗanye, su shanya saura ya zama zabibi. Baƙon abu shi ne noma shi gona bayan gona domin a matse a yi giya. Abin da ya hura wutar kuwa wani ɗan ƙwaro ne mai suna filoksera, mai cin saiwar inabi, wanda ya shigo Faransa daga Amurka ya halaka gonakinta, sai manoma da masu jari suka tsallako teku suna neman sabuwar ƙasa. Ƙwaron ma ya biyo su, aka fara ganinsa a Aljeriya a 1885, a Mansura ɗin nan. Maganinsa shi ne a yi wa inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Kafin a kai ƙarshen shekarun 1930 gonakin inabi a Aljeriya sun kusa hekta 400,000, kuma ƙasar da kusan dukkan 'ya'yanta Musulmi ne ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da giya, ana loda ganguna a tashar Wahran ana kaiwa Faransa a gauraya da tasu don ta yi ƙarfi.

A nan ya kamata mutumin Kano ya tsaya ya yi nazari. Turawan Ingila da suka mulke mu sun taƙaita cinikin barasa a Arewa, suka bar shi a unguwannin baƙi irin Sabon Gari, saboda haka manominmu bai rasa gonarsa ta gero da dawa a dalilinta ba. A Aljeriya kuwa ita aka mai da ginshiƙin tattalin arziki, aka ɗauke mafi albarkar ƙasa daga alkama da sha'ir aka ba ta. Wanda kakansa ke da gonar shi ne ya koma ɗan ƙwadago a cikinta: da sanyi ya bi kuringa ɗaya bayan ɗaya da almakashi yana datse rassa, da bazara ya yi feshi, da kaka ya tsinka ya ɗauki kwando a kafaɗa zuwa wurin matsa, sa'an nan ya wanke hannu ya yi alwala. Ba na ganin akwai mai adalci da zai ɗora wa wannan bawan Allah laifi kafin ya ɗora wa wanda ya toshe masa kowace hanyar abinci sai wannan.

Da aka sami 'yanci a 1962 Turawan ƙauyen suka tafi, gonakin suka koma hannun hukuma, sai ga ƙasa riƙe da haja wadda mutanenta ba sa sha, mai sayenta kuma ya fara juya baya. An sami sauƙi na ɗan lokaci da Rasha ta yarda ta saya, amma da araha. Bayan da Shugaba Huwari Bumadyan ya mai da man fetur mallakar ƙasa a 1971, dangantaka da Faransa ta yi tsami, sai ya ba da umurni a tumɓuke gonaki masu yawa. Manufar mai kyau ce, sai dai inabi na cin hannu fiye da alkama nesa ba kusa ba, don haka dubban 'yan ƙwadago suka rasa aiki, da yawa suka nufi birane ko Faransa.

Yau Tilimsan ta faɗaɗa har ta haɗiye Mansura, gidaje da gine-ginen jami'a sun hau kan tsofaffin gonaki, ko da yake a tuddan yankin ana noman inabi har yanzu, wani na ci, wani na matsa. An gyara wuraren tarihi da dama a 2011, shekarar da birnin ya riƙe kambun cibiyar al'adun Musulunci, kuma baƙi kan zo su ga hasumiya. Rumbunan giya na zamanin Turawa da ke warwatse a yammacin Aljeriya kuwa da yawa an bar su a rufe suna lalacewa, kuma a ganina ya dace a keɓe ko da ɗaya, a ajiye almakashi da kwanduna da littattafan biyan lada a ciki, yadda jikokin waɗanda suka yi wannan ƙwadago za su shiga su ga nawa ake biyan kakanninsu a yini.