Lilon jariri da abin da ungozoma ta faɗa min

1/ A nan Amurka, kafin ki haihu kina rubuta jerin kayan da kike so a Amazon ko Target, ƙawaye su zaɓa su saya miki. Kamar kayan barka ne, sai dai ke ce mai zaɓa. Da farko kunya na ji wallahi, sai ka ce roƙo.

2/ Da na saba kuwa, na cika shi taf. Lilo mai waƙa, kujerar jijjiga, ga maƙwabciyata ta ce za ta ba ni tsohon makwancin ɗanta mai gangara.

3/ Ungozoma ce ta taka min burki. A 2019 an janye Rock 'n Play na Fisher-Price guda miliyan 4.7 bayan mutuwar jarirai sama da 30. A 2022 doka ta hana sayar da irin makwancin nan.

4/ Dalili: wuyan jariri bai yi ƙwari ba. In barci ya ɗauke shi a kishingiɗe, kai ya rinjayo, haɓa ta danne ƙirji, numfashi na iya toshewa. Jikina ya yi sanyi fa.

5/ Na ce wa maƙwabciya na gode, ban karɓa ba. Na sa sabuwar kujerar mota mai kallon baya. Lilon na bar shi, amma da ya fara gyangyaɗi, sai gadonsa, a rigingine.

6/ Da na gaya wa Mama sai ta ce, "Ke da kike da baya da zani, lilon me?" Na ƙara zani biyu a jerin.