Kwanan farko a ƙasar mutane

Tun kaka da kakanni, mutanen Adar ba su ɗaure kaya sai sun san gidan da za su sauka. Ɗan cin rani daga Buza ko Keita, in ya nufi Abijan, sunan mai masaukinsa na bakinsa tun bai shiga mota ba. Mai albasa daga Madawa ma ya san wanda zai karɓi buhunansa, ya shimfiɗa masa tabarma.

Abin mamaki, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya samu halin hawa jirgin sama shi ne ke sakaci da wannan tsari. Jirgi ya sauke shi da tsakar dare, babu ɗaki, ya ce sai ya ɗauki motar haya nan take. Alhali jiya ya baro Madawa, ya sha kwalta wajen kilomita 500 zuwa Yamai, ya kwana zaune. Idonsa ba na tuƙi ba ne. A Abijan ko Dubai da sauƙi, dama ake bi kamar gida. Nijeriya ma ta koma dama a 1972, Gana a 1974. Amma a Ingila, Indiya ko Kenya hagu ake bi, kuma a shataletalen farko hannu ke komawa ga abin da ya saba.

Wanda ya san tafiya yakan kama ɗaki kusa da filin jirgi tun yana gida, ya shiga tasi. In gari ya waye ya je kamfanin haya da fasfo da lasisin tuƙi da katin banki, ya zagaya motar tare da ma'aikacinsu, a rubuta kowace ƙujewa kafin ya sa hannu.