Taliya, Jatan Lande da Cukun Inna

Hausawa na cewa rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Mu dai a madafa muka gane gaskiyar wannan magana, ranar da ƙanwarmu ta iso daga Legas da jatan lande cikin kular ƙanƙara, ta ce yau sai mun ci taliya irin ta mutanen Italiya.

Ba kwaɗayi ne ya sa mu wannan ɗawainiya ba. Tun da Baba ya rasu Inna ta ɗauke kai daga abinci, tuwo sai ta yi loma biyu ta ture kwano. Muka yi shawara a kawo mata baƙon abu, ko Allah zai sa bakinta ya buɗe. Da ta leƙa kular kuwa sai ta ja da baya, wai farar ruwa za mu ba ta. Aka gaya mata ai a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne. Ta ce ta ji, amma halal daban, sha'awa daban.

Sai ga cikas. Girkin yana son cukun nan da ake kira Famizan, wanda ya samo suna daga garin Farma na arewacin Italiya, ake kuma ajiye shi aƙalla wata 12 kafin a sayar. Kuɗin ɗan yanki guda ya fi ƙarfin cefanenmu. Muka gwada awara a ɗan cokali, muka ga waken suya bai san wannan aiki ba: ba ƙamshi, ba gishiri, sai dagargajewa.

Muna cikin jayayya Inna ta tashi ta shiga ɗaka, ta fito da wani ƙulli. Cuku ne na Abzin, falle uku, busasshe ƙayau, ragowar tsarabar da ƙanenta ya aiko daga Agadas. Da shi Baba yake shan shayi da yamma, kuma tun bayansa ba a taɓa kwance ƙullin ba. Ta miƙo falle ɗaya ta ce, “Ku daka, ku tankaɗe, kada ku sa ran zai narke.”

Muka ɓare jatan landen, muka zare baƙin zaren da ke bayansa. Muka soya tafarnuwa da attaruhu a man shanu, sannan muka zuba shi. Minti 2 zuwa 3 ya isa. Da ya juya daga ruwan toka zuwa ja-ja ya lanƙwashe, a sauke, in an ƙara ya koma roba. Muka ɗebi ludayi ɗaya na ruwan taliyar muka dama garin cukun da shi, muka sa gishiri da ɗan mitsitsin daddawa, don ita ma ajiya ce ta ba ta ɗanɗano, kamar Famizan. Daga ƙarshe aka matsa lemun tsami, aka juya.

Gaskiyar Inna, bai narke ba, ya dai manne wa taliyar tsaki-tsaki. Amma ƙamshin da ya tashi na gidanmu ne. Inna ta tsince jatan landen ta tara a gefen kwano, ta cinye taliyar tas, sannan ta ɗauki ɗaya ta ɗanɗana, ta ce da Malam yana nan da ya yi mata dariya. Ranar ce ta fara ambatonsa ba tare da hawaye ba.

Daga baya muka ji cewa su kansu mutanen Italiya ba su cika barbaɗa cuku a kan taliyar da aka yi da kayan teku ba. Ashe abin da muka yi ta neman madadinsa ba dole ba ne. Ba mu yi da-na-sani ba. Sauran falle biyu suna nan, kuma yanzu Inna da kanta take ɓallar su da shayin yamma. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.