A Inuwar Gawo, Tsakanin Boɗinga da Shagari

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin gwamnati a Sakkwato. Da ya ajiye aiki, sai labari ya iske mu a Kano wai ya ba da hayar gidansa na birni, ya kwashi iyali ya koma gonar gado a wani ƙauye tsakanin Boɗinga da Shagari. Mahaifiyata ta shiga damuwa, ta ce lafiyayyen mutum ba ya barin wuta da famfo ya koma daji. Shi ya sa da hunturun nan na ce bari in je in gano mata.

Daga Sakkwato muka kama hanyar Jega. Muna wuce filin jirgin sama, gari ya sake mu. Jar ƙasa ta miƙe dama da hagu, an girbe gero, sai kara a ɗaure, da raƙuma suna tafiya da kaya a natse kamar an ce musu duniya ba ta ƙarewa. Bishiyar da muke kira darbejiya a Kano, ita ce dogon yaro a bakinsu, ta jeru a gefen titi har Boɗinga.

Na tarar da Kawu a gindin wata ƙatuwar bishiya, a kan tabarma, da rediyo a gefensa.

"Ɗana, ka iso lahiya? Zamna ka sha hura."

Na zauna, amma idona yana sama. Duk dajin ya bushe, kuka ta tuɓe tsirara, sabara ta yi fari da ƙura, wannan kuwa kore shar kamar a tsakiyar Agusta. Na tambaye shi ko ban ruwa yake yi mata. Ya yi murmushi.

"Gawo na. Ba ka san gawo ba?"

Sunansa na sani, halinsa ne ban sani ba. Ashe gawo saɓa wa 'yan'uwansa yake yi: da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi sai ya zubar da ganye, rana ta samu geron da ke ƙarƙashinsa, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani kuma ya tofo, ya ba mutum inuwa, ya zubo wa dabbobi 'ya'yansa. Kawu ya ce zangarniyar gindin gawo ko makaho ya shafa zai bambanta ta da ta fili. Muna cikin magana iska ta kaɗo, 'ya'yan suka zubo, jajayen awakin nan na Sakkwato suka rugo a guje. Na daɗe ban ga abin da ya burge ni haka ba. A Kano mai fili yakan sare itace don ya samu wurin shago. Nan na ga dattijo yana kewaye tsiron gawo da ƙaya, tsiron da ba lalle ya sha inuwarsa ba.

Daren farko barci ya ƙi zuwa. Kunnen da ya saba da janareto da hon ɗin A Daidaita Sahu ya rasa abin kamawa. Na fito tsakar gida, hazo ya kwanta, ga kaza da 'ya'yanta a sama ƙuru-ƙuru, taurarin da rabona da su tun ina yaro. Can nesa wani kare ya yi haushi sau biyu ya yi shiru. Ban san lokacin da na koma ɗaki ba, kiran assalatu ne ya tashe ni.

Ba zan ɓoye ba, zaman yana da nauyinsa. Ruwa daga rijiya ake ja, wuta sai ɗan faifan sola a kan rufi, idan kuma rediyo ya kawo labarin 'yan bindiga daga wajen Isa da Sabon Birni, sai ka ga fuskar Kawu ta canza, ya ɗaga hannu ya yi addu'a.

Kashegari ya kai ni Sifawa, dab da Boɗinga. A nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna 'yan shekaru bayan yaƙe-yaƙen jihadi, yana karantarwa yana rubuta littattafai, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa yana Boɗinga. Na tsaya ina duban garin, jikina ya yi sanyi. Daular da ta kai har Adamawa, daga wuri mai shiru irin wannan aka riƙa yi mata jagora.

Da la'asar muka gangara Shagari. Alhaji Shehu Shagari ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, da aka sake shi daga tsare a 1986 nan ya komo, nan kuma aka binne shi a Disambar 2018. Kusa da dam ɗin garin masu noman rani suna ta ban ruwa, ƙamshin albasa ya cika iska.

A hanyar komowa na ce, "Kawu, ba ka kewar birni?"

Ya ɗan yi shiru. "Ina kewar abokai. Amma can, ko na kwanta, kaina bai kwanta ba."

Ranar da zan tafi, matarsa ta ɗauro wa mahaifiyata garin kuka da albasa. Shi kuwa ya sunkuya ya tsinci 'ya'yan gawo uku, ya sa mini a aljihu, ya ce in nuna wa yayarsa, za ta tuna gonar babansu.