Duwatsun Ruma da Tambayar da Autarmu Ta Yi

Da yawa daga cikinku an haife ku a Jos, ko Kaduna, ko Abuja, amma in aka tambaye ku asali sai ku ce Katsina. 'Ya'yanmu ma haka suke. Aikin koyarwa a makarantar tauhidi ya sa muka rene su nesa da gida, har ya zama abin da suka sani game da Batsari da Safana bai wuce labarin 'yan bindiga da suke gani a Facebook ba. Wannan ya daɗe yana damunmu, ni da mahaifiyarsu. Yaron da bai san garinsu ba sai ta hanyar labarin mutuwa, da wuya ya yi masa addu'a da ƙauna. Shi ya sa a hutun Kirsimeti muka keɓe yini guda domin su ga ƙasar da idanunsu.

Ba mu tashi da ka ba. Mun tambayi dattawan ikkilisiya da direbobin tasha, muka jira har suka ce hanya ta yi sauƙi, muka kuma ƙudura cewa za mu koma cikin Katsina kafin la'asar sakaliya. Bangaskiya ba ta hana a yi tambaya.

Daga Katsina muka kama hanyar Batsari. Ba mu yi nisa ba muka wuce Babbar Ruga, inda 'yan mishan na SIM suka yi aikin jinyar kutare tun zamanin Turawa. Muka gaya wa yaran cewa mutane da yawa a wannan ƙasa sun fara jin sunan Yesu ne daga bakin wanda yake wanke musu miki. Daga nan sai gonaki, an riga an girbe gero da dawa, karmami a kan bishiyoyi, hazon hunturu ya rufe nesa. Sai ga duwatsu suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, wani ya hau kan wani kamar da hannu aka ɗora.

A Ruma muka fi daɗewa. Tsohon gari ne a cikin duwatsu, kuma har yau hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruma yake riƙe da ita. Wani dattijo Musulmi ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya ce, “Malam, baƙo ai ba a tambayarsa addini sai ya sha ruwa.” Shi ya nuna wa yaran inda mutanen dā suke hawa su ɓuya idan mahaya sun taso. Bayan jihadi, sarakunan Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi, aka yi shekaru ana kai hari tsakanin ɓangarorin biyu, wannan yanki kuwa yana tsakiya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kurfi da Zakka a 1853 zai tafi Sakkwato, kuma sai da ya shiga ayari mai rakiya saboda tsoron dajin. Ashe fargabar wannan hanya ta girmi kakanninmu.

A nan autarmu ta yi tambayar da ta sa kowa ya yi shiru. Ta ce, “Baba, to dutse na masu ɓuya ne ko na masu kai hari?”

Gaskiyar magana, na duka biyun ne. Dutsen da ya ɓoye uwa da goyonta jiya, irinsa ne yake ɓoye mai bindiga yau a Dajin Rugu, dajin da ya shimfiɗu yamma da Batsari da Safana har ya haɗe da Zamfara. Mun tuna Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara. Mun tuna Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan biyu, muka yi makonni ba mu ji muryar 'yan'uwanmu ba.

Wannan ya sa muka sake karanta Zabura ta 121 da sabon ido. Mukan rera ta kamar waƙar mai yawon buɗe ido da yake sha'awar tuddai. Amma tana cikin waƙoƙin masu haurawa Urushalima sujada, mutanen da suke tafiya a ƙasa ta cikin tuddan da 'yan fashi suke laɓewa. Mai waƙar ya dubi tuddan, ya tambayi kansa inda taimako zai fito, amsarsa kuwa ta wuce tuddan ta kai ga wanda ya yi su. Dutse ba ya zaɓen wanda zai ɓoye. Allah ne mai tsaro wanda ba ya gyangyaɗi. Wannan ba alkawari ba ne cewa mai bi ba zai faɗa hannun mugaye ba, domin mun binne masu bi na ƙwarai. Alkawarin shi ne babu dajin da zai fitar da mu daga hannunsa.

Da muka nufi Safana, mun tsaya sayen fura a wurin wata Bafulatana. Muka ga babban ɗanmu ya ja baya, fuskarsa ta canza. Mahaifiyarsa ta tambayi matar lafiyar gida, sai ta ce shanun mijinta duka an kore su a dare ɗaya, yanzu da nonon da take sarowa suke ci. A cikin mota ba mu yi wa yaron faɗa ba. Mun tuna masa da Luka sura 10 kawai. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ita ma hanyar duwatsu ce da 'yan fashi, kuma wanda Yesu ya zaɓa ya zama mai jinƙai a labarin ɗan ƙabilar da masu sauraronsa suka tsana ne. Matasa, a nan haɗarinku yake. Ɗan bindiga yana iya ƙwace saniya da gona. Amma in ya sa kun tsani ƙabila guda sukutum, ya ƙwace abin da ya fi waɗannan tsada.

Ta Dutsin-Ma muka juyo, rana na nan da sauranta. A hanya muka ga gidaje da aka bari babu kowa, muka kuma ga manoma suna ɗaure dammuna, yara suna kora jakuna, mata suna sussuka. Mutane suna nan, suna noma, suna aurar da 'ya'yansu. Ƙananan majami'u na Hausawa masu bi suna nan a ƙauyukan Katsina, suna taruwa ranar Lahadi ko da an kwana a tsorace.

A Joshuwa sura 4, Allah ya sa Isra'ilawa su ɗebo duwatsu 12 daga Kogin Urdun su kafa, domin wata rana yara su yi tambaya, iyaye su ba da labarin abin da ya yi. Ku ma ku yi tambaya. Ku zauna da iyayenku su faɗa muku sunan ƙauyenku da yadda bishara ta iso gidanku. Ba mu ce kowa ya kama hanya ba, domin ba kowane lokaci hanyar take biyuwa ba. Amma kowace zumuntar matasa tana iya ɗaukar ƙauye ɗaya ta riƙa ambaton sunansa a addu'a kowane mako. Kuna iya neman waɗanda suka yi gudun hijira zuwa unguwarku, Kirista ne ko Musulmi, ku kai musu kwanon hatsi, ku koya wa 'ya'yansu karatu.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, mahaliccin duwatsu, ka tsare mutanen Batsari da Safana a fitarsu da shigarsu. Ka komo da waɗanda suke tsare a daji, ka juyo da zukatan masu riƙe da bindiga, ka kuma tsare zukatanmu daga ƙiyayya. A cikin sunan Yesu, Amin.