Babbaƙu da Farfaru: Darasin da Na Koya a Zauren Alaramma



Ya ku 'yan uwana matasa, yau laifin kaina zan faɗa muku, ko Allah zai sa wani ya tsira daga irinsa.

Bayan ambaliyar shekarar 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje a garuruwan gaɓar kogin Haɗeja, mun koma makarantar firamaren da nake koyarwa a ƙasar Auyo, aka ba ni aji biyu. A cikin yaran akwai wani ɗan masunci mai shekara tara. Yakan jero "ei, bi, si, di" har ƙarshe babu tuntuɓe, amma da na rubuta masa "ba" a allo sai ya ce "bi-ei". Na maimaita, ya maimaita. Haushi ya kama ni, na zuba masa bulala, na kira shi daƙiƙi a gaban 'yan uwansa. Kwana uku bai taka makaranta ba.

A rana ta huɗu na je gidansu, na tarar da kakansa, wani tsohon alaramma, a zaure yana rubutu. Na gaishe shi, na ce, "Allah Ya gafarta Malam, jikanka ba ya ɗaukar karatu." Ya ajiye alƙalami, ya ce, "Malam, yaron nan ya gama babbaƙu a hannuna, har ya yi nisa a farfaru. A bokonku, ina farfarun?" Wallahi na rasa amsa.

Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya san wannan tsari. A babbaƙu yaro yake sanin sunan harafi da siffarsa: ba guje, ha ƙarami, mim ara, lam jaye. A farfaru ne ake ɗora masa wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri, har ya ji yadda harafin yake fita daga baki. Ba a taɓa cewa almajiri ya iya karatu don ya haddace sunayen baƙaƙe. Ni kuwa sunaye kawai na ba yaron, sunayen ma na Turanci, sannan na nemi ya karanta Hausa da su. A Turanci sunan "a" shi ne "ei", sunan "e" shi ne "i", sunan "i" kuma "ai". Yaya ƙaramin yaro ba zai rikice ba?

Washegari na sake lale. Na fara da wasula biyar da sautinsu na Hausa: a, e, i, o, u. Kowace rana baƙi ɗaya, mu furta shi, mu zana shi a ƙasa da yatsa, sannan mu aura masa wasali: ba, bi, bu, ka, ki, ku. Da muka zo kan masu ƙugiya, sai na sa su su saurari bambancin kafa da ƙafa, bari da ɓari, fada da faɗa. Wata safiya na rubuta "ki", na ƙara "fi". Yaron nan ya ɗaga hannu, ya ce, "Ki... fi... Kifi, Malam! Kifi ne!" Aji ya ɗauki tafi, ni kuma kunya ta rufe ni. Da aka tashi na kira shi na nemi gafararsa, domin haƙƙin yaro ma haƙƙi ne, kuma za a tambaye ni a kansa.

Addininmu ya girmama harafi. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud wanda Tirmizi ya ruwaito, harafi harafi ake ƙirga ladan mai karatun Alƙur'ani, kowane ɗaya da lada goma. Kuma bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, wasu fursunonin da ba su da kuɗin fansa sun fanshi kansu ta hanyar koya wa yaran Madina rubutu. Aikin da aka yi fansar wuya da shi bai kamata mu yi shi da garaje da duka ba.

Ɗan uwa, 'yar uwa, kafin ka rufe wannan shafi, tuna da ƙanenka da ke aji biyu ko uku. Rubuta masa kalma ɗaya, ka ga ko zai karanta. In ya kasa, kada ka zage shi. Zauna da shi bayan Magariba, ku fara daga wasali.

Allah Ya gafarta mana abin da muka yi cikin jahilci, Ya saka wa malamanmu da Aljanna. Amin.